Kalmar da Ta Raba Murhun Gidanmu

Ni malamin lakkwal ne, wato makarantar boko, kuma babbar cutar malamin lakkwal ita ce ba ya iya cewa bai sani ba. Ko hanyar garin da bai taɓa takawa ba ka tambaye shi, sai ya gyara tsayuwa ya nuna maka gabas. Na daɗe gaban allo a nan Damagaram, ana ce mini Mushe, yadda ake kiran malamin boko da faransanci, yara na rubuta duk abin da ya faɗo daga bakina ko da tari ne, har na saba da a yarda da ni ba gardama. Sabon nan ne ya ja wa gidanmu abin da har yau ban san yadda zan gyara ba.

Gidanmu na cikin Birni, bayan wasu manyan duwatsu da awaki ke hawa. Mu uku ne maza a wurin Inna. Yaya, babbanmu, shi ya riƙe gonar da mahaifinmu ya bari a hanyar Gafati, yana noma gero da dawa da 'yar gyaɗa. Ni ne na tsakiya, ni aka kai boko. Autanmu kuwa tun yana ƙarami ya san hanyar da kuɗi ke bi, yana da shago a kasuwar Dole, yana zuwa Kano saro atamfa da takalma. Duk mun yi aure, mun hayayyafa, kowa da sashensa a cikin gidan. Amma tukunya ɗaya muke ci, kuma Inna ce ke riƙe da ita tun rasuwar mahaifinmu.

Murhun na tsakar gida, duwatsu uku manya da suka yi baƙi ƙirin. Matanmu uku ke karɓar girki kwana bibbiyu, wadda ba ta da girki ta taya daka ko ta tsaya layin famfo. In kaka ta yi, Yaya ya kawo dammunan gero a amalanke. In wata ya ƙare, ni in sayo gishiri da daddawa da sabulu da abin da ya samu. Auta kuma in ya dawo daga Kano sai ga buhun shinkafa, ga mai, ran Juma'a ga nama. Amma ba wanda ke miƙa wa mai girki komai hannu da hannu. Duk abin da aka kawo ɗakin ajiyar Inna yake shiga, ta rufe da ɗan kwaɗo, makullin na ɗaure a gefen zanenta. Da safe ita ke auno abin da za a dafa, da yamma ita ke zama kan tabarma da mara a hannu tana rabon tuwo. Abin da ya kwana a ɗakin nan ya rabu da sunan mai shi ke nan. Ni dai a lokacin na ɗauka son mulki ne irin na tsofaffi, har nakan tsokane ta in ce ita ce ministar kuɗin gidanmu.

A shekarar da abin ya faru, zaɓen shugaban ƙasa ya faɗo bayan kaka. Motoci masu amsa-kuwa suka cika gari. Yawancin 'yan takarar ruwa suke mana alƙawari, mu kuwa tun muna goye muke jin wannan waƙar. Sai wani daga cikinsu ya zo da zancen da ya sa mutane suka kasa kunne, wato lanho, kuɗin kai da mai unguwa ke bi gida-gida yana karɓa duk shekara. Magoya bayansa suka yi ta rabon wata takarda da faransanci, ɗaya ta faɗo fadar da muke zama a ƙofar gidanmu bayan la'asar muna shan shayi. Ba sai an yi shawarar wanda zai karanta ba, aka ce a ba Mushe.

Na sa tabarau, na yi gyaran murya. Takardar ta ce in mutumin ya hau zai soke lanhon kai. Maimakonsa za a dubi abin da ke shigowa kowane foyer a shekara, a jera mutane hawa uku. Na ƙasa ba za su biya ko dala ba. Na tsakiya za a sassauta musu. Na sama kuwa su za su ɗauki nauyin, har da ƙarin patanti, wato harajin kasuwanci, ga masu manyan shaguna. Na bi layi-layi ina fassarawa, ina jin daɗin yadda aka yi tsit. Yaya na gefe yana gyara ƙotar hauya, Auta ya taso daga kasuwa ke nan, yana kan motonsa, wato babur, bai ma sauka ba.

Sai wani tsohon tela, maƙwabcinmu, wanda ba a gama magana bai sa baki ba, ya ce, "To Mushe, shi fwaye ɗin nan da kake ta ambata, mene ne shi da Hausa?"

Da na ce iyali, da an wuce wurin. Kalmar tana bakina. Amma iyali kalma ce da kowa ya sani, ba ta nuna an yi karatu. Sai na tuna a ƙamus ma'anar farko ta foyer ita ce wurin da ake hura wuta. Na ajiye takardar a gwiwa, na ce musu ai kalmar nan asalinta murhu ce, wato duk waɗanda ke ci daga wuta ɗaya gwamnati za ta ɗauke su abu ɗaya, ta haɗa samunsu wuri guda. Don in ƙara wa zancen gishiri, na tuna musu lokacin da masu ƙidaya suka zo, tambayar da suka fara yi ita ce su wa ke cin tukunya ɗaya. Wannan kuwa gaskiya ne, kowa ya tuna. Nan take aka hau gyaɗa kai, ni kuma na karɓi kofin shayina.

Telan ya dube mu mu uku ɗaya bayan ɗaya, ya ce ashe gidanmu hawan sama za a kai shi, tunda shagon Auta da albashina da rumbun Yaya duk murhu ɗaya suke zubawa. Ya juya ga Yaya ya yi masa barka da arziki, wai ya zama attajiri yana riƙe da hauya bai sani ba. Aka bushe da dariya. Yaya ma ya yi 'yar dariya, irin ta wanda aka taka wa ƙafa a masallaci. Auta bai yi ba, ya tura motonsa cikin zaure.

Ba a yi mako ba zancen ya zagaye Birni ya dawo mini da ƙari. Wani ɗan kabu-kabu da ya ɗauke ni ya ba ni labari cewa da an gama zaɓe ma'aikata za su shiga gida-gida suna ƙirga murhu, kuma duk wanda ya raba tukunya bayan zaɓe za a ce wayo ya yi, ba za a karɓa ba. Na tambaye shi wa ya faɗa. Ya ce wani babban mushe ne a Birni, wanda ya karanta dokar da idonsa. In faɗi gaskiya, kalmar babban nan ta yi mini daɗi.

A gida kowa ya shiga lissafinsa a ɓoye. Auta ya tare ni a zaure ya ce shi dai ya san hawan sama za a sa shi ko ya so ko ya ƙi, amma in aka ɗora albashina da hatsin Yaya a kan nasa abin zai ƙara nauyi, kuma ranar biya shi za a kalla. Ni ma ban fi shi ba. Na ga in ni kaɗai ne da matata da yarana, hawan tsakiya zan faɗa, abin da za a rage mini zai isa man moto. Yau in na tuna man moto kawai na hango sai kunya ta kama ni. Yaya kuwa sunansa ne a saman kartin iyali tun bayan mahaifinmu. In shi kaɗai ne ba zai biya komai ba. In muna haɗe, shi za a rubuta cikin masu hali, kuma duk shekara sai ya bi ƙannensa su haɗa masa abin da zai kai. Bai faɗi haka ba a lokacin, amma ya daina zama fada.

Auta ne ya kawo dabara. Ya ce dutse ba ya tsada a Damagaram, mu jera uku-uku a ƙofar kowane sashe, mu zuba toka, mu shafa musu baƙin tukunya, in ma'aikata sun zo su ga murhu uku, mu kuwa mu ci gaba da cin tuwonmu yadda muka saba. Wasu gidaje biyu a unguwar haka suka yi. Na goyi bayansa. Amma Yaya mutum ne da ko a ciniki ba ya iya cewa an taya masa abin da ba a taya ba. Ya ce in sun zo shi za su tambaya, in suka ce ya rantse fa? Ba zai yi rantsuwa a kan toka ba. In za a raba a raba da gaske, in ba za a raba ba a bari. Muka yi ta jan zancen kwana da kwanaki, zaɓe na matsowa, har muka wayi gari mun amince da abin da ba wanda ya fara nemansa a cikinmu.

Ran wata Juma'a bayan an sauko masallaci muka shiga wurin Inna mu uku. Tana zaune tana tsintar wake a faifai. Yaya ya yi bayani yana kallon ƙasa, Auta na cike masa inda ya tsallake. Ba ta daina tsintar ba har suka gama. Ta tambaya ko mutumin ya riga ya hau. Muka ce tukuna, amma ana ganin yana da jama'a, kuma in aka jira sai ya hau an makara. Sai ta ɗago ta dube ni, ni kaɗai.

"Kai ka karanta takardar?"

Na ce ni ne.

"Haka ta ce, murhu?"

A daidai nan wani abu ya ɗan motsa a raina. Na san kalma ɗaya takan ɗauki ma'ana biyu, ni nake koya wa yara haka. Da na ce bari in ƙara tambaya, ba abin da zai ragu a jikina. Amma ga Yaya ga Auta, ga unguwa guda da ta riga ta ɗauka. Na ce, "Haka ta ce, Inna." Ta ce to, ni na yi karatu, ni na sani. Ta kwance makullin daga gefen zanenta ta miƙa wa Yaya, ta ci gaba da tsintar wakenta.

Washegari aka fito da abin da ke ɗakin ajiya. Ranar ce na fara ganin kayan abinci sun koma wa masu su: gero na Yaya, shinkafa da mai na Auta, nawa kuwa sabulu da gishiri da rabin buhun masara. Yaya ya so ya auna mana gero, Auta ya so a raba shinkafar uku, amma kowa ya ce a'a don kunya, kowa ya kwashi nasa. Tsohon murhu ya zama na Yaya tunda shi ne babba. Matata ta sayo murhun gawayi, matar Auta kuma aka kawo mata na gaz. Makon farko abin wasa ya zama, matan na leƙa tukunyar juna suna tsokana, matata har ta ce mini bayanta ya huta da tuƙin tuwon gayya. Ban ga laifinta ba, tuƙin nan ba wasa ba ne.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne hanci. Gida ɗaya ne, iska ɗaya. In matar Auta ta jefa albasa a mai, har zaure ake ji. A sashen Yaya tuwon gero ne da miyar kuka, yau da gobe da jibi. Mu kuma muna tsakiya yadda takardar ta faɗa, farkon wata mu yi kusa da Auta, ƙarshen wata mu gangaro wurin Yaya, in albashi ya makara mu wuce shi ƙasa. Ɗan takara bai hau ba, amma hawa ukun nan da na karanta a fada ga su a tsakar gidanmu, kowa na shaƙa.

Yara ba su san da wata takarda ba, ƙamshi suke bi. Da magariba sai ka gan su sun taru a ƙofar matar Auta, ita kuwa ba ta da rowa, ta zuba musu a babban faranti. Matar Yaya 'yar Tirmini ce mai kunya da zuciya, ba ta taɓa hana 'ya'yanta da baki ba. Sai ta koma ɗora tukunya tun kafin la'asar, don su ci su ƙoshi kafin a fara suya. Matar Auta ta lura, ta koma rufe ƙofa da taga in za ta soya nama, tana zufa a ciki, don kada a ce tana nuna arziki. Rufewar kuma aka ga kamar ɓoyo take yi. Ba wadda ta yi wa wata laifi, ba a taɓa ɗaga murya ba, amma matan da ke daka a turmi ɗaya suka koma gaisuwa daga nesa.

Wadda abin ya fi ci ita ce Inna. Kullum kwano uku ke zuwa ɗakinta, kowane ɗa na son ya fita haƙƙin uwa. Ita kuma ta san kwanon zai koma hannun wadda ta aiko shi, za a buɗe a duba. In ta cinye shinkafar Auta, tuwon Yaya ya koma da yawa, matar Yaya za ta gani. In ta cinye tuwon ta bar shinkafar, ta ƙi abin Auta ke nan. Sai ta koma ci daidai wa daida, loma uku nan, uku nan, uku can, ta rufe. Tuwon gero cikinta ya saba da shi, mai kuwa ƙwannafi yake tayar mata, don haka iyakar abin da za ta iya jurewa na shinkafa shi ne iyakar abin da za ta ci na tuwo. Na taɓa shiga na same ta tana gyara gefen tuwo da yatsa don ramin da ta yi ya zo ɗaya da na sauran kwanonin. Zanenta ya fara yi mata yawa.

Ana saura 'yan kwanaki zaɓe na je suna a Sabon Gari, na haɗu da wani da muka yi lakkwal tare, yana aiki a biron da ake karɓar haraji. Cikin hira na ba shi labarin yadda gidanmu ya riga kowa shiri, har da alfahari. Ya dube ni ya ga da gaske nake, sai ya kama dariya har ya ajiye kofinsa. Ya ce a takardun haraji foyer na nufin mutum da matarsa da 'ya'yan da ke ƙarƙashinsa, shi ke nan. Ko mutum hamsin ke cin tukunya ɗaya, kowane mai aure da nasa lissafin, ba wanda zai shiga gida ya ƙirga duwatsu. Ya ƙara da cewa wannan ma takardar neman ƙuri'a ce, ba doka ba. Da ya ga fuskata sai ya daina dariyar, ya tambaye ni ko an riga an raba. Na ce wata biyu ke nan.

Na dawo gida da maganar a cikina na kasa fitar da ita, kullum in ce gobe. Aka yi zaɓe, mutumin ko zagaye na biyu bai kai ba. Hotunansa da aka manna a bango rana ta cinye na sama, awaki suka ƙarasa na ƙasa. Da lokaci ya yi mai unguwa ya zo karɓar lanho yadda ya saba, kai da kai, bai ko kalli murhun kowa ba. Gidajen nan biyu da suka jera duwatsun ƙarya suka kwashe su suka tokare ƙofa da su. Na yi tsammani mu ma za a wayi gari a ɗora babbar tukunya a yi dariyar abin. Aka yi mako, aka yi wata, ba wanda ya tayar da zancen.

Na fara da Auta don shi ne mai sauƙi. Na faɗa masa kuskurena a shagonsa. Ya zage ni iya zagin da ƙane zai yi wa wansa, wato ya ce boko bai yi rana ba, sannan ya ce shi ko yau aka ce a haɗe ya shirya, abincin ma ba ya yi masa daɗi da ƙofa a rufe. Saura Yaya.

Na same shi a gona, bazara ta kama, yana watsa taki shi kaɗai. Na tsaya cikin rana na faɗa masa komai, tun daga kalmar har zuwa dariyar abokina. Na ce laifina ne, ya yafe mini, mu koma yadda muke. Na shirya wa faɗa, na ma fi son ya yi faɗan. Ya saurare ni har na gama, ya ce ya yafe. Sannan ya jingina da amalanke ya ce:

"Ba zancen takarda ba ne yanzu. Da can in na ga nama a miya, sai in ce a raina ai gerona ne ke riƙe da gidan nan, naman ƙari ne. Wata huɗu ke nan ina cin gumina tsantsa, na ga iyakarsa. Abin da na noma ko iyalina ba zai kai su ƙarshen damina ba. Ashe shekara da shekaru ku ke ciyar da ni, Inna na rufa mini asiri da ɗan makullinta."

Na ce ba haka ba ne. Na tuna masa watannin da albashi ke makara, da lokacin da hanyar Kano ta rufe Auta ya zauna ba saye ba sayarwa, wa ya ciyar da mu in ba rumbunsa ba? Gaskiya na faɗa, shi ma ya san gaskiya ce. Ya ce ya ji, amma da can bai sani ba yake sa hannu a kwano, yanzu kuwa ya sani. Ya ce in bar shi ya ci abin da ya noma, in ya ƙare ya san inda zai nema. Ya ɗauki kwandonsa ya koma watsa taki. Na hau moto na dawo.

Na kai wa Inna zancen ina fatan za ta kira shi ta ba shi umarni, don Yaya bai taɓa ƙetare maganarta ba. Na durƙusa na faɗa mata ni na yi kuskure tun farko. Ba ta yi mini faɗa ba, wannan kuwa ya fi mini ciwo. Ta ce ta san in ta ce ya dawo zai dawo, amma zai riƙa cin abincin kamar magani, ita kuwa ba za ta zauna tana kallon ɗanta yana haɗiyar kunya ba. Ta ce duk shekarun nan ita kaɗai ta san wa ya kawo me, wa ya kasa kawowa, aikinta ke nan a gidan, kuma ba wanda ya taɓa ji a bakinta. Yanzu kowa ya sani, ba sauran abin da za ta rufe. Na ce to me za mu yi? Ta ce in tashi, an kusa kiran sallah.

Na gwada abin da na iya. Na sayi buhun gero na kai sashen Yaya na ce wani ne ya ba da sadaka. Ya gane, ya dawo mini da shi har ƙofa tare da godiya. Auta ya yanka rago ba sallah ba suna, ya ce kowa ya zo a ci tare. Aka zo, aka ci, aka yi masa addu'a, kowa ya koma sashensa. Da damina ta yi nisa hatsin Yaya ya ƙare yadda ya faɗa, ya sayar da tumakinsa biyu bai gaya wa kowa ba.

Wata rana na taso daga lakkwal da azahar, na shiga gaida Inna ban same ta a ɗaki ba. Hayaƙi na gani yana tashi daga lungun bayan ɗakinta, inda ake ajiye tsofaffin tukwane. Na leƙa. Tana tsugune gaban wasu 'yan duwatsu uku da ba su fi dunƙulen hannu ba, ta ɗora 'yar tukunyar da ake dafa wa masu jego magani, tana hura wuta da bakinta, hayaƙi ya cika mata ido. A gefenta ga garin gero a ƙullin leda. Daga baya na ji akuyarta ta sayar, aka auno mata tiya a kasuwa. Mace mai 'ya'ya uku maza a gida ɗaya, ɗaya ma manomi, tana awon gero a kasuwa. Tun da safe ta gaya wa matan uku cewa daga yau kada a ƙara kawo mata kwano.

Na ce, "Inna, me ya yi zafi haka?"

Ba ta juyo ba. Ta ce, "Na gaji da auna loma. In na ci na wannan, fuskar wancan nake gani. Ku bar ni in ci in ƙoshi."

Na tsuguna kusa da ita da rigar aikina na karɓi hurin wutar, don shi kaɗai ne abin da zan iya yi mata. Itacen ɗanye ne, da ƙyar ya kama. Da ruwan ya tafasa ta yi talge, ta tuƙa, ta kwashe a ɗan akushi. Daga tsakar gida ina jin matan uku kowace na motsi da nata kwanonin, ba wadda ta leƙo. Na wanke hannu na matso, na ce bari in taya ta, na daɗe ban ci tuwon hannunta ba. Ta dubi akushin, ta dube ni, ta janye shi kaɗan zuwa gabanta.

"In na ba ka, sai na ba su," in ji ta. "Na mutum ɗaya na dafa."